Ɗakin Karatu a Ƙasar Auduga da Masara



Duk wanda ya yi nazarin tarihin wannan yanki namu, tun daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja har ya zuwa Kafur da Malumfashi, zai tarar cewa tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa injinan gurzar auduga, har ya zuwa 1975 da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, ilimi mai amfani bai daina zuwa mana ba. Abin da ya gagare mu shi ne riƙe shi. Malaman gona sun zo, sun auna ƙasa, sun rubuta rahotanninsu da Turanci, sun tafi. To, ina ɗan manomin Bakori zai nufa yau idan yana son sanin abin da aka gano game da gonar kakansa? Hatsi muna da rumbunsa, amma ilimi mun bar shi a sarari.

Magabatanmu ba su jahilci darajar littafi ba, domin ƙasar Katsina da ta haifi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba za a koya mata girmama alƙalami ba. Sai dai taskar malami, komai yawanta, mallakar mutum ɗaya ce, ranar da ya riga mu gidan gaskiya kuwa sai magada su raba ta, abin da ya saura gara ta cinye. Fa'idar ɗakin karatu na jama'a ita ce ba ya mutuwa da mutuwar kowa, kuma ba a tambayar mai shigarsa ɗan wane ne. Dattawanmu sun ga alamar haka a ɗakunan karatun da En'e-En'e suka buɗe a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, inda mutum guda kan ɗauki Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare suna muhawara.

Irin wannan nake roƙo a farfaɗo da shi, amma bisa halin manomi. A samar da takardun Hausa da masanan aikin gona na Samaru suke wallafawa a kan iri da taki da maganin ƙwari, a juya muhimmansu zuwa ajami, tun da yake da yawa daga waɗanda ake kira jahilai sun sauke Alƙur'ani. Kada wani ya ɗauka littafin noma bai dace da zauren malamai ba, alhali Ibnul Awwam na Andalus ya wallafa Kitabul Filaha tun ƙarni na 12. A riƙa buɗe ƙofa daga la'asar zuwa bayan isha'i, lokacin da aka taso daga gona, a kuma keɓe wa mata ranarsu.

Saura maganar kuɗi. Haƙƙi ne a kan hukumar ɗakunan karatu ta Jihar Katsina da ƙananan hukumomi su ɗauki nauyin gini da ma'aikata, amma shari'a ta buɗe mana ƙofar waƙafi, malamai kuma sun tabbatar cewa ilimin da ake amfana da shi ladansa ba ya yankewa. Ya ku attajiranmu da Allah Ya buɗa wa a kasuwannin hatsi na Funtuwa da Ɗandume, ina roƙonku, idan kaka ta yi, kowa ya ware wani abu daga ribarsa, a damƙa wa amintattun gari su sayi littattafai. Allah Ya ba mu iko, amin.