Dashen Hanta Daga Mai Rai: A Fara Duba Mai Bayarwa

Tun 1989 da likita Russell Strong ya yanki ɓangaren hantar wata uwa ya dasa wa ɗanta a Ostireliya, aka tabbatar aikin yana yiwuwa. Hanta tana sake tofowa. Cikin 'yan watanni ta mai bayarwa da ta mai karɓa duk sukan kusan cika girmansu. Shi ya sa a Japan da Koriya ta Kudu da Masar, inda hantar mamaci ke wuyar samu, wannan hanya aka fi bi, majinyaci kuma yakan samu kafin ciwo ya ci ƙarfinsa.

Masu adawa na cewa ana kwantar da lafiyayye a yanka shi, kuma suna da gaskiya. Cikin masu ba da ɓangaren dama, akan ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 200 na iya rasa ransa. A jikin mai karɓa kuwa, hanyar ruwan matsarmama takan tsuke ko ta yi yoyo. Amma a ganina wannan hujja ce ta tsaurara bincike, ba ta hana aikin ba. Likitan mai bayarwa ya zama daban da na majinyaci, yadda ɗan da dangi suka matsa wa lamba zai iya janyewa a asirce, ba tare da an ce ya ƙi mahaifinsa ba.