Maganin Farfaɗiya da Hantar Yaro: Jawabin Yaye Ɗalibai a Kongolam

Likitar yaran da aka gayyato bikin yaye sababbin ma'aikatan lafiya a Kongolam ta fara da abin da aka rubuta mata: gaisuwar ban girma ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai, dagatai, limamai da baƙin da suka tsallako daga Nijar. Ta yaba wa ɗaliban kan rigakafi, awon ciki da yaƙi da tamowa. Daga nan ta ninke takardar, ta shiga maganar farfaɗiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, in ji ta, ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da ciwon a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani daidai. Amma kowane magani da nauyinsa. Finobabiton mai araha kan sa wani yaro barci, wani ƙiriniya. Fenitoyin kan kumbura dasashi. Kabamazafin kan fito da ƙuraje, wani lokaci har fata ta sale.

A kan balfurowet ta daɗe. Hanta ce ke sarrafa shi, kuma hanta tana da sinadaran da take kare ƙwayoyinta da su, babbansu gulutatayon. Bincike da dama ya nuna maganin kan rage wannan kariya, haɗarin kuwa ya fi yawa ga yaran da ba su kai shekara 2 ba. Yaron da ke shan maganin, idan ya fara amai, ya daina cin abinci, idonsa ya yi rawaya, asibitin Daura za a kai shi a ranar. Zogale, ƙwai da gyaɗa suna taimaka wa jiki, amma ba sa maye gurbin gwajin jini.

Nan ta juya ga manyan baƙi. "Ranku ya daɗe, kuɗin gwajin nan nake roƙo. Uwar da ta ci bashin kuɗin mota ba za ta iya biya ba." Sau uku ta maimaita, kuma tana da gaskiya.

Da surutu ya tashi a baya, ta ɗaga murya: "'Ya'yana, ku saurara! Idan ciwon ya tashi, kada a cusa wa yaro cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon. Kada a sayi maganin a tiren 'yan talla, kada kuma a yanke shi farat ɗaya, jijjigar za ta iya dawowa da ƙarfi." Bayan haka aka fara kiran sunaye don miƙa takardun shaida.