Me ya sa ganga take fashewa a situdiyo? Zancen fad da firi'am

Yau zance na 'yan situdiyo ne, musamman matasan da suka haɗa kuɗi suka sayi makirfo da sawun-kad da kwamfuta, suka kama ɗaki ɗaya a unguwa suka fara aiki. Wanda kuma ba harkarsa ba ce ya ɗan zauna tukuna, domin zai gane dalilin da ya sa wata waƙar gangarta take ratsa jiki, wata kuma sai ka ji kamar ana dukan kwanon rufi.

Ga abin da ke faruwa. Mutum ya saba ɗaukar murya a kan kiɗan fiyano, aiki na tafiya lafiya. Ran nan mawaƙi ya ce yana son ganga ta gaske. Aka kira mai kalangu, ko aka shigo da saitin gangunan zamani, aka biya makaɗi, aka ƙona fetur a janareto. Da aka zo saurare sai ka ji kowane bugu yana "ƙarrr" kamar ana yaga takarda. Sai a yanke hukunci cewa ganga ba ta ɗaukuwa a ƙaramin situdiyo, a koma fiyano. Makaɗi ya rasa aiki, waƙa ta rasa armashi. Alhali sau da yawa maganin wani ɗan madanni ne da aka rubuta PAD a kansa, wanda yake nan a jikin na'urar tun ranar da aka sayo ta.

Mu fara da firi'am. Makirfo yana mayar da sauti ya zama wuta, amma 'yar mitsitsiya, wadda ake aunawa da milibolt, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Kayan situdiyo kuwa suna aiki ne da abin da ya kai bolt 1.23 ko kusa da haka. Firi'am shi ne mai ɗaga ƙaramar wutar ta kai wannan matsayi. Duk ramin da kake soka wayar makirfo a sawun-kad ko miksa, akwai firi'am a bayansa, kuma abin murɗawar da aka rubuta GAIN shi ke faɗa masa sau nawa zai ninka. Da yawansu suna kai wa desibel 60, wato ninki dubu.

To ina matsalar? Ganga ba murya ba ce. Hirar yau da kullum tana wajen desibel 60. Amma in ka kai makirfo bakin fatar ganga, bugu ɗaya mai ƙarfi yana iya wuce desibel 130. Mu yi ɗan lissafi, kada ku gudu. Makirfo irin na kwandensa, wanda muke ɗaukar murya da shi, yana fitar da kamar milibolt 20 idan sauti ya kai desibel 94. Duk ƙarin desibel 20 ninki goma ne. Ke nan a desibel 134 an ninka sau ɗari, ya zama bolt 2. Kun ga tun kafin firi'am ya taɓa shi ya riga ya wuce inda ake son a kai shi. Ko ka mayar da GAIN ƙasa gaba ɗaya, wasu na'urorin ba za su iya haɗiye shi ba. Sai su datse kan sautin, kuma wannan datsewar ita ce "ƙarrr" ɗin da kake ji.

Nan fad yake shigowa. Ba wani abin mamaki ba ne, 'yan ƙananan razisto ne da ke rage ƙarfin wutar da adadin da aka ƙayyade kafin ta shiga mataki na gaba. Kamar dai ka sayo kayan wuta na Amurka mai aiki da bolt 120, ka san in ka soka shi kai tsaye a tamu mai 230 ya tafi ke nan, sai an sa abin rage wuta a tsakani. Fad mai desibel 20 yana mayar da ƙarfin kashi ɗaya cikin goma, bolt 2 ya dawo 0.2. Mai desibel 10 yana mayar da shi kusan kashi ɗaya cikin uku, mai 6 kuma rabi.

Yanzu ga zuciyar zancen, ku riƙe ta ko da kun manta sauran. Sauti yana ratsa ƙofofi uku kafin ya zauna a kwamfuta: cikin makirfo kansa, sai firi'am, sai na'urar da ke mayar da shi lambobi. Kowace ƙofa tana iya fasa shi. Kuma fad yana amfani ne kawai idan yana gaban ƙofar da ake fashewar, wato kafin sautin ya isa gare ta. In ya riga ya fashe a ƙofar farko, duk ragin da ka yi daga baya fasasshen sauti kake ragewa. Shi ya sa jan feda ƙasa a cikin manhaja ba ya maganin komai. Tulu ya fashe tun a rafi, kai kana gida kana gyara gammo.

Yaya za ka gane ƙofar? Akwai alamu uku.

Na ɗaya, mitar kwamfuta tana dukan sifili, amma da ka rage GAIN sai komai ya washe. Wannan ba ya buƙatar fad, ƙarfi ne kawai ka cika.

Na biyu, GAIN yana can ƙasa, ba sauran inda za ka rage, amma jar fitila tana ƙiftawa duk bugu. Nan firi'am ne ya ƙoshi. Danna PAD na sawun-kad ko miksa. Wasu na'urorin, irin su Behringer UMC404HD, suna da shi a kowace hanya. In taka ba ta da shi, akwai fad na waje da ake sokawa tsakanin wayar makirfo da ramin, misali Shure A15AS, mai zaɓin desibel 15 ko 20 ko 25, wanda kuma yake barin wutar bolt 48 ta wuce zuwa makirfo kwandensa. In wani iri za ka saya, tabbatar yana barin wannan wutar ta wuce.

Na uku, shi ne mai ruɗa mutane. Ba jar fitila, mita tana ƙasa lafiya lau, amma kunnenka yana jin yagewa, in kuma ka buɗe hoton sautin sai ka ga kansa a shafe kamar an aske shi. Wannan a cikin makirfo abin ya faru, PAD na sawun-kad ba zai cece ka ba. Sai fad na jikin makirfo, wanda yake zaune kafin 'yar na'urar da ke cikinsa. Audio-Technica AT2035 yana da na desibel 10, AKG C414 na yanzu yana da 6 da 12 da 18. AT2020 kuwa, wanda ya cika ƙananan situdiyo, ba shi da ko ɗaya.

To wanda ba shi da kuɗin ƙarin kaya fa? Akwai fad na kyauta, shi ne tazara. A fili, duk lokacin da ka ninka nisan makirfo daga ganga, ƙarfi yana raguwa da kamar desibel 6. A ƙaramin ɗaki ragin bai kai haka ba saboda amsa-kuwwar bango, amma yana taimakawa sosai. Hanya ta biyu, ka sa makirfo dainamik a kusa, ka bar kwandensa a nesa. Shure SM57, wanda ya fito tun 1965, har yau shi ake kangawa a bakin ƙaramar gangar saiti a manyan situdiyon duniya, saboda yana jure duka, kuma wutar da yake fitarwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta irin wancan kwandensan ba.

Mu zo kan kalangu, tunda shi aka fi kawo mana. Duk wanda ya saurari waƙoƙin marigayi Mamman Shata ya san kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyin a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka. Bugun sanda yana zuwa da kaifi cikin ƙiftawar ido, maganar kuma tana biyo bayansa a hankali. In ka cusa makirfo jikin fata, bugun zai fashe ya danne maganar. Ba shi taƙi ɗaya ko biyu. Ka kuma tuna mai kalangu ba ya tsayawa cak, jikinsa na juyawa da kiɗan, don haka tazarar tana sa ƙarfin ya daidaita.

Wajen gwaji, kada ka ce masa "ɗan buga mu ji". Ce masa, "Baba, a buga mana inda ya fi zafi a waƙar." Duk da haka ka sani in mawaƙi ya shiga, 'yan amshi suka karɓa, hannu zai ƙara nauyi. Saboda haka ka saita bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili, don in kiɗa ya ɗau zafi ya tsaya wajen 6. Ka ɗauka a kan bit 24, wanda a lissafi yake da faɗin desibel 144, bit 16 kuwa 96. Fili yana nan isasshe, ba dalilin matsawa kusa da ja. Ƙaramin sauti mai tsabta ana ɗaga shi daga baya. Fasasshe kuwa, ko manhajojin gyara irin su iZotope RX cike gurbin abin da ya ɓata suke yi da kintace.

Amma fa fad ba ado ba ne. In ka danna shi sannan ka koma ka murɗa GAIN sama sosai, ka rage sautin ka kuma ɗaga shi tare da "shhh" ɗin na'ura. Ka gama da ganga za ka koma murya ko sarewa, cire shi. Masu firi'am na waje irin su API ko Neve kuma wani lokaci da gangan suke tura shi don sautin ya yi kauri, sai su sa fad a bayansa don kada ƙofa ta uku ta fashe. Wannan zaɓi ne na wanda ya san abin da yake nema.

Abu na ƙarshe, kunnenka ba shi da madannin PAD. Cibiyar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan. In za ka tsaya kusa da ganga kana gyara makirfo, toshe kunne, ka ba makaɗin ma abin toshewa. Kunnen da ya lalace ba ya dawowa, kuma da shi kake cin abinci.

Makaɗan kalangu da kotso da ƙwarya suna nan a garuruwanmu, da yawansu sun manyanta, wasu ba a taɓa ɗaukar hannunsu da kyau ba ko sau ɗaya. Ranar da ɗayansu ya shigo ɗakinka, wataƙila abin da ka ɗauka shi ne zai rage. Duba ƙofofin nan uku kafin ka danna jan madanni.

Ku rubuto mana a ƙasa irin makirfo da sawun-kad ɗin da kuke aiki da su, da inda naku sautin yake fashewa, za mu duba tare a shiri na gaba. A tura wa ɗan situdiyon unguwa. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.