Sunan Fernández da Yaɗuwarsa

Sunan Fernández ya samo asali ne daga Fernando, sunan yanka da Bisigot, wato ƙabilar da ta mulki Sifen har zuwa shekarar 711, ta shigo da shi. Ɗafin "-ez" kuwa yana nufin "ɗan wane", don haka da farko uba kawai yake nunawa, kafin ya zama sunan zuri'a. A yankin Kastila na Sifen harafin f ya rikiɗe ya koma h, aka sami Hernández, wanda ya fi kowane suna yawa a Meksiko, yayin da Fotugisawa suka kai nasu Fernandes har Brazil da Gowa ta Indiya. A Filifin kuwa ba jini ne kaɗai ya yaɗa irin waɗannan sunaye ba, domin dokar 1849 ta Clavería, gwamnan mulkin mallakar Sifen a can, ce ta tilasta wa iyalai ɗaukar sunan gado, galibi na Sifen.