Amsoshin Tambayoyinku: Keken Ƙwarai da na Jabu

Wani manomi daga Funtuwa yana tambaya: me ya sa keken Raleigh ke da tsada haka, alhali ga mai araha da tambari iri ɗaya?

To Malam, ai ba tambari ake hawa ba, firam ake hawa. Na ƙwarai ƙarfensa ma tsada gare shi, ga kuɗin fito. Shi kuwa jabu, bututu ne marar kauri aka lulluɓe da fenti. Ka ɗora masa buhun masara, sai ya tsage a wajen walda, wataƙila kana tsakiyar gangara.

Kafin ka biya, tafi da mai gyaran keke, ku kifa shi, ku duba kowace mahaɗa. In kuwa aka ce maka sabo ne ƙirar Ingila, bar musu kayansu. Raleigh ta daina ƙera keke a Nottingham tun 2002.