Waɗanda Ba A Kira Sunansu Ba

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin matasa na yanki. Karatu: Ayyukan Manzanni 1:15-26.

  

Da aka ba mu wannan lokaci, wani dattijo ya ji cewa za mu taɓo zancen ƙwallon kwando, sai ya ce, "Fasto, ƙwallo kuma a taron dattawa?" Muka ce, "Baba, a yi mana haƙuri a saurara tukuna." Ba mu taɓa jefa ƙwallo cikin kwando ba, yaranmu ne suka jawo mu cikin zancen. Amma da muka saurare su, sai muka ga akwai wani abu a ciki da ya shafi ikkilisiya kai tsaye.

A ƙasar Amurka, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru sunanta NBA, tana da ƙungiyoyi 30. Kowace shekara a watan Yuni ƙungiyoyin nan sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa, yawancinsu daga jami'o'in ƙasar, wasu kuma daga ƙasashen waje. Zagaye biyu ake yi, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a kowane zagaye, wato mutum 60 ke nan. Ƙungiyoyin da suka fi shan kaye a kakar da ta wuce su ne ke fara zaɓe, har ma ƙuri'a ake jefawa a tsakaninsu don a san wa zai fara. A ɗaya ɓangaren kuwa, jami'o'in da ke wasa a aji na farko sun haura 350, kowace da tawagarta. Ku yi lissafi da kanku. Ƙofa ce ƙarama, mutanen da ke bakinta kuwa ba iyaka.

Ran 22 ga Yuni, 2023, aka yi zaɓen a birnin Niyok. A wannan shekara ma gurabe 58 ne kawai, domin an hukunta ƙungiyoyi biyu an karɓe musu nasu. An fara da wajen ƙarfe ɗaya na dare a agogonmu, wasu yaranmu suka ƙi barci suna bi ta wayoyinsu. Wanda aka fara kira shi ne Victor Wembanyama, ɗan Faransa mai shekara 19. Yaranmu dai ba shi suke jira ba. Suna jiran 'yan Afirka biyu.

Na farko Oscar Tshiebwe, haifaffen Lubumbashi a ƙasar Kwango, ɗan fasto, wanda mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. A jami'ar Kentucky ya yi wasa. A 2022 shi aka ba kyautar gwarzon 'yan wasan jami'o'in Amurka duka, domin a kowane wasa yakan ci maki wajen 17, ya kuma cafke ƙwallon da ta kuskure kwando wajen sau 15. Mai bi ne da ba ya ɓoye bangaskiyarsa. Na biyu Adama Sanogo, ɗan Bamako a ƙasar Mali, Musulmi. A watan Afrilu na 2023 jami'arsa ta Connecticut ta ci kofin ƙasa, aka ce shi ne ya fi kowa fice a wasannin ƙarshe, alhali kuwa yana azumin watan Ramadan a lokacin.

Aka kira na 10, aka kira na 30, aka shiga zagaye na biyu, aka kai na 58, aka rufe taro. Ba Oscar, ba Adama. Haka kuma ba Drew Timme, wanda ya fi kowa cin maki a tarihin jami'ar Gonzaga.

Magoya baya suka yi ta kuka da fushi. Wasu suka ce rashin adalci ne, wasu suka ce masu zaɓen ba su san wasa ba. Wasu kuma, kuma su ne suka fi ba mu tausayi, suka juya kan yaran da kansu: ai da ya fita tun bara, ai da ya koyi jifa daga nesa, ai dama mun faɗa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mutanen da suka yi ta rera sunan yaro a watan Maris, su ne suka zauna suna lissafa aibobinsa a watan Yuni.

To, me ya sa ba a zaɓe su ba? Ba mugunta ba ce. Ƙungiyoyin nan ba lada suke rabawa saboda aikin da mutum ya riga ya yi ba, sayen gobe suke yi. Sun fi son yaro mai shekara 19 da suke ganin zai ƙara girma a hannunsu, fiye da mai shekara 23 wanda suke ganin ya kai iyakarsa. Wasan ma ya sauya. Yanzu ana neman mai jifa daga nesa, mai saurin da zai iya tsare kowa, su kuwa waɗannan ukun a gindin kwando ƙarfinsu yake. Jami'a ta auna su da mudu ɗaya, kasuwa ta auna su da wani mudu dabam. Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar da ba tasu ba ya san wannan.

Mudun kasuwar kuwa yakan yi kuskure. A 1996 ba a kira sunan Ben Wallace ba, wanda ya fito daga ƙaramar jami'ar Virginia Union. Daga baya sau huɗu ana ba shi kyautar gwarzon mai tsaron gida, ya ci kofi da ƙungiyar Detroit a 2004, a 2021 kuma aka sa sunansa cikin jerin manyan gwarazan wasan. A 1998 kuwa, wanda aka fara kira cikin kowa haifaffen Legas ne, Michael Olowokandi, amma bai kai inda aka yi tsammani ba. Gabe Vincent, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ba a zaɓe shi ba a 2018. A watan Yuli na 2021 shi ne ya ci maki 21 ranar da Nijeriya ta doke Amurka da 90 da 87 a wasan sada zumunta.

Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na Fred VanVleet. A 2016 ya tara 'yan'uwa da abokan arziki a garinsu Rockford domin su kalli zaɓen tare. Ku duba wannan hali: an gayyaci jama'a, an shirya wuri, kowa ya zuba ido, aka gama kiran mutum 60 ba sunansa. Da wani ne da ya sulale ta ƙofar baya. Shi kuwa ya tashi tsaye gaban mutanen, ya gode musu, ya gaya musu cewa tafiyarsa ba ta ƙare a nan ba. Ƙungiyar da ta ba shi dama ita ce Toronto, shugabanta a lokacin kuwa Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya, a can ya fara koyon wasan. Shi kansa Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. A 2019 Toronto ta ci kofi, a wasan ƙarshe VanVleet ya ci maki 22.

'Yan'uwa, a nan ne mai wa'azi yakan so ya ɗaga murya ya ce, duk wanda aka ƙi yau gobe zai zama Ben Wallace. Za a yi tafi, za a ce amin, amma ba gaskiya ba ce, mu kuwa ba za mu gaya muku ƙarya daga bagade ba. A 2010 akwai Scottie Reynolds na jami'ar Villanova, wanda aka lissafa cikin biyar mafi fice a jami'o'in ƙasar. Ba a zaɓe shi ba, bai kuma taɓa buga wasan gasa ko ɗaya a NBA ba. A ƙasashe irin su Italiya da Isra'ila da Turkiyya ya nemi abincinsa. Oscar da Adama sun samu 'yar ƙaramar yarjejeniya bayan zaɓen, ɗaya da Indiana ɗaya da Chicago, irin wadda mutum yakan yi yawancin wasansa a ƙaramar gasa, a riƙa kiransa babba jefi-jefi. Mafi yawan waɗanda ba a kira ba kuwa, ko sunansu ba mu sani ba. Sun koma koyarwa, sun koma kasuwanci, sun yi aure, suna renon 'ya'ya. Tambayar ita ce, shin rayuwarsu ta lalace ke nan?

Bari mu koma karatunmu. Bayan da Ubangiji ya hau sama, masu bi wajen 120 suka taru a Urushalima. Bitrus ya tashi ya ce sai a cike gurbin Yahuza. Ya kafa sharaɗi mai nauyi: sai wanda ya bi Yesu tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke shi. Mutum biyu aka gabatar, Yusufu da ake kira Barsaba, wanda kuma ake ce wa Yustus, da Matiyas. Aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa a kan Matiyas.

Mun saba wucewa da sauri zuwa sura ta biyu, domin a can ne Ruhu Mai Tsarki ya sauko. Yau dai mu tsaya a ɗakin nan mu dubi fuskar Yusufu. Bai gaza ko sharaɗi ɗaya ba. Ya yi tafiyar da Matiyas ya yi, ya sha ƙurar da ya sha, ya ga abin da ya gani. Luka bai rubuta laifinsa ko ɗaya ba. Gurbi ne ɗaya, mutane biyu. Kuma a gaban mutum 120 abin ya faru, bayan an yi addu'a, don haka ba shi da damar cewa an yi maguɗi. Wannan ya fi zafi. Idan mutum ne ya ƙi ka, kana da wanda za ka yi fushi da shi.

Daga nan Littafi bai sāke ambaton Yusufu ba. Amma ku lura, bai sāke ambaton Matiyas ba shi ma. Wanda aka zaɓa da wanda aka bari, dukansu sun shiga shiru ɗaya. Masanin tarihin ikkilisiya Yusibiyas ya kawo wani labari daga Fafiyas cewa wannan Yustus ya sha dafi bai cutu ba. Ba Nassi ba ne, ba za mu gina koyarwa a kai ba. Abin da ya nuna mana kawai shi ne, masu bi na farko sun ci gaba da tunawa da shi a matsayin nasu. Ba mu ji ya tafi ya kafa tasa ƙungiya ba.

Yanzu mu zo gida. Mu ikkilisiyoyi ne ƙanana a wuraren da muke, wani wuri iyali goma ne, wani wuri ba su kai ba. Saboda ƙarancinmu, idan Allah ya ba mu yaro ɗaya mai ƙoƙari, dukanmu mukan hau kansa. Shi ne zai zama likitanmu na farko, shi ne zai shiga aikin gwamnati ya share mana hawaye, shi ne zai nuna wa maƙwabta cewa mu ma mutane ne. Mukan zama magoya bayansa, kamar mutanen Kentucky da Oscar. Ba laifi ba ne mu yi fata. Amma ranar da jerin sunaye ya fito ba nasa, yaron nan kaya biyu yake ɗauka, baƙin cikinsa da kunyarmu.

Mun san wani saurayi a ɗaya daga cikin ikkilisiyoyinmu da ya nemi wani aikin ɗamara sau uku. Kowane karo sai a sanar a majami'a, a kira shi gaba, a ɗora masa hannu. Karo na uku da sunaye suka fito babu nasa, ya daina zuwa sujada. Watanni suka wuce kafin muka je gidansu, wannan jinkiri kuwa laifinmu ne. Muka zaci da Allah yake fushi. Ya ce, "Baba Fasto, ba haka ba ne. Ba zan iya kallon idon su Mama ba, su da suka yi mini azumi." Mu da muka yi addu'ar, mu ne muka zama abin da yake gudu. Wasu da suka gamu da shi a hanya sun ce masa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Maganar ba ƙarya ba ce, amma wanda bai zo ya zauna da kai ba, karin maganarsa ba ta shiga kunne.

Mun sani kuma, ba kowane jerin sunaye ne ƙuri'ar manzanni ba. Akwai lokacin da ake cire sunan yaronmu saboda sunan ne da kansa, ko saboda takardar asalin gari da aka hana shi. Inda haka ta faru, aikin ƙungiyarmu ne ta rubuta, ta bi sawu, ta je ofis da ladabi da hujja, kada a bar iyaye su kaɗai. Amma mu yi hankali kada mu koya wa yaranmu cewa duk rashin samu tsanani ne. An bar Oscar Kirista, an bar Adama Musulmi, a dare ɗaya, da mudu ɗaya. Dattijon kirki sai ya bincika ya san wanne ne kafin ya buɗe baki.

Iyayenmu dattawa, maganar ba ta matasa kaɗai ba ce. Zaɓen dattawa yana tafe a ikkilisiyoyi da yawa na yankinmu. Mun ga mutumin da ya yi shekara 20 yana share majami'a, yana karatun Littafi, yana ziyarar marasa lafiya, da aka ƙirga ƙuri'u bai samu ba, sai ya janye zakkarsa, matarsa ta fita daga Zumunta, 'ya'yansa suka bar ƙungiyar mawaƙa. Sau da yawa ba shi ne ya fara ba, magoya bayansa ne suka bi shi gida suna zuga shi cewa an ci mutuncinsa. A majami'ar da ke da mutum 40, fitar gida ɗaya ba ƙaramar ɓaraka ba ce.

Saboda haka muna roƙon abu biyu kafin a tashi. Sakataren kowace ikkilisiya ya rubuto sunayen matasan da suka nemi makaranta ko aiki a bana ba su samu ba, ya miƙa wa dattawa, a raba su gida gida, a kai ziyara cikin mako biyu. Wanda ya je kada ya tafi da wa'azi, ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi yaron abin da yake so ya yi yanzu. Sa'an nan a ranar zaɓen dattawa, duk wanda ƙuri'a ta faɗa a kansa, kafin ya karɓi barka daga kowa, ya fara zuwa gidan ɗan'uwansa da ba ta faɗa a kansa ba.

Saurayin da muka ambata yana nan tare da mu yau, ya kuma yarda mu faɗi labarinsa. Walda yake koyo a cikin gari, shi ne ya gyara ƙofar majami'ar nan da kuka shigo ta ciki. Muna roƙonsa ya taso ya rufe mana da addu'a.