Ba a Binne Waya Don Batirinta Ya Mutu



Tun daga shekarar 2001, sa'ad da wayar salula ta shigo ƙasar nan gadan-gadan, da wuya a sami gidan da babu tsohuwar waya a jefe cikin akwati. In an tambaya me ya same ta, sai a ce batiri ne ya kumbura, irinsa kuma ya ɓace a kasuwa. Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne, irin wannan waya tana iya tashi ba tare da batiri ba, muddin wanda ya raba ta da shi ya ɗauke mata ayyuka uku da yake yi mata.

Aiki na farko shi ne ba da wuta daidai gwargwado. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, yana ba da wajen bolt 3.7, in ya cika ya kai 4.2 ko sama kaɗan, in kuma ya sauka kusa da 3 sai waya ta ɗauke. Ita kuwa caja ta yau da kullum bolt 5 take bayarwa. Saboda haka wanda ya yanke igiyar caja ya manna ta kai tsaye a mazaunin batiri, ya ɗora wa wayar abin da ba a yi ta dominsa ba, garin neman ƙiba ya samo rama. Lalle ne a sa 'yar na'urar rage ƙarfin wuta a tsakani, a daidaita ta a kan bolt 4, a auna da mita kafin a haɗa, a kuma tabbata ba a juya kan wayoyin biyu ba. Da irin wannan na'ura ko batirin mota mai bolt 12 yana iya ciyar da waya.

Aiki na biyu shi ne wanda jama'a suka fi mancewa da shi. Waya ba ta shan wuta bai ɗaya. A tsarin GSM, sa'ad da ake magana, takan aika da saƙo guntu-guntu, kimanin sau 217 a kowane sakan, kuma a kowane aike tana iya fizgar wuta kusan amfiya 2. Ku ɗauki misalin famfo mai tsiyaya da randar da ke ƙarƙashinsa. In baƙi sun sauka, daga randa ake kamfata, ba a tsayawa jiran famfo. To, batiri shi ne randar waya. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga waya ta kama lafiya lau a kan wutar waje, amma da an buga kira sai ta mutu. Maganinsa a nemi abin ba da wuta mai iya jure amfiya 2 ko fiye, a yi amfani da igiya gajera mai kauri, sa'an nan a kafa babbar kafasita dab da mazaunin batirin, ta tsaya a matsayin randar.

Aiki na uku shi ne shaida. In kun duba tsohon batiri za ku ga bakin ƙarfe uku ko huɗu, alhali biyu sun isa ɗaukar wuta. Ta sauran ne waya take jin zafin batirin, ko ta gane irinsa. In ta nema ba ta ji amsa ba, sai ta ƙi tashi. Masu gyara sukan sa rizista a gurbin, ko su ciro ɗan allon da ke kan tsohon batirin su jona masa wutar. Wayoyin yanzu, masu batiri a like, sun fi tsananta bincike, har wasunsu ba sa yarda da wannan dabara ko kaɗan.

Wannan fa ba baƙon ilimi ba ne. Duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga akwatin ba da wuta a kan teburin masu gyara. Da shi suke tayar da waya ba batiri, su zuba wa ma'auninsa ido: yadda take jan wuta shi ke gaya musu inda cutar take.

Amma in yi gargaɗi. Kada a huda batirin da ya kumbura, kada a lanƙwasa shi, kada a jefa shi a wuta, gama yana iya kamawa nan take. Har wa yau, wayar da aka raba da batiri ta daina zama ta aljihu: da an ɗauke wuta za ta mutu. Wurinta tebur ne, inda za ta raba intanet ga 'yan ɗaki, ko ta zama rediyo, ko ma'ajiyar littattafai.

'Yan'uwa, musamman ɗaliban injiniya, ina roƙon kowa ya tono tsohuwar wayar gidansu, ya kai ta ɗakin gwaji, ya auna a gaban malami kafin ya jona. Ɗalibin da ba shi da kuɗin sabuwa zai yi muku godiya.